Baƙo a Gidan Linux: Darasin Visual FoxPro

A shekarar 2003, Whil Hentzen, wani mawallafin littattafan kwamfuta a Amurka, ya shirya nuna wa jama'a cewa Visual FoxPro, manhajar gina rumbun bayanai ta kamfanin Microsoft, tana iya aiki a kan Linux. Kafin ya yi nunin, sai wani jami'in kamfanin ya sanar da shi cewa hakan ya saɓa wa sharuɗɗan lasisi. Tun daga nan muhawarar ta ƙi mutuwa: shin kayan aikin da aka ƙera domin Windows yana da gurbi a gidan da aka gina bisa ƴanci?

Ta fuskar fasaha, babu wata gagarumar matsala. Manhajar Wine, wadda aka soma tun 1993, tafinta ce: duk umarnin da manhaja ta aika da harshen Windows, sai ta mayar da shi zuwa wanda Linux ke ji. Wani lokaci tafintan kan yi tuntuɓe wajen buga takardu ko zana haruffa, amma aiki yana tafiya.

Masu tsattsauran ra'ayin ƴanci, irin almajiran Richard Stallman, suna ganin shigo da rufaffiyar manhaja cikin Linux cin amanar manufa ne. Hujjarsu tana da nauyi, sai dai ta manta da mai kantin magani ko akawun makaranta wanda bayanansa na shekara goma suke cikin fayilolin DBF. Wannan bawan Allah ba falsafa ta dame shi ba. In aka ce masa sai ya watsar da komai kafin ya taka Linux, to zai zauna inda yake, kuma ba za a ga laifinsa ba. Don haka hana baƙon shiga ba ya ƙara wa kowa ƴanci.

Amma karɓar baƙo daban, miƙa masa makullin gida daban. Tarihin FoxPro kansa ya isa shaida. Microsoft ta sayi kamfanin Fox Software a 1992, ta raini manhajar har zuwa fitowa ta 9, sannan a 2007 ta bayyana cewa ba za a yi ta 10 ba. A farkon 2015 aka janye tallafi kacokan. Masu shirya manhaja da suka ƙare ƙuruciyarsu a kanta ba su da ikon ɗaukar asalin rubutunta su ci gaba da gyara, domin ba nasu ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara, ko a kan Windows aka ɗaura shi ko a kan Linux. Abin ban dariya, kamfanin da ya yi waccan togaciya shi ne da kansa ya kawo SQL Server kan Linux a 2017, da ya ga kasuwa ta koma can.

Matsayin da ya fi dacewa shi ne a bar tsohuwar manhaja ta yi aiki a ƙarƙashin Wine, matuƙar lasisi ya yarda, a matsayin gada, yayin da ake kwashe bayanai zuwa rumbu irin PostgreSQL ko MariaDB, waɗanda kowa ke da damar karanta asalinsu. Sabon aiki kuwa, kamar tattara kalmomin ƙamus ko rajistar ɗalibai, bai kamata a soma shi a rufaffiyar manhaja ba. LibreOffice ma tana buɗe fayilolin DBF kai tsaye, ana iya fara kwasar daga nan.