Ranar kasuwa a arewacin Zamfara: yara sun daina bin iyayensu, masu fura sun janye

Duk wanda ya tashi a tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san cewa ba mu da filin wasan yara ko wurin shaƙatawa na iyali irin na manyan birane. Abin da muke da shi shi ne kasuwar mako. Kano da Kaduna na alfahari da bajekolinsu na shekara-shekara, mu kuwa namu bajekolin duk mako yake ci.

Ina tuna yadda mahaifina ke ɗora ni a mota ranar Alhamis mu tafi kasuwar Shinkafi. Shi cinikin hatsi ya kai shi, ni kuma cikina. Kafin azahar na ci hoce da ƙuli-ƙuli da mai, na sha rake har haƙorana su yi tsami. In ciniki ya yi kyau sai a ƙare a wurin mai tsire, a naɗe wani a takarda a kai wa mutanen gida. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne fura da nono. Matan Fulani na zaune a jere da ƙorensu, a dama maka a gabanka, ka sha da ludayi. Har yau ban ga furar firji da ta kamo ƙafarta ba.

Yau da wuya ka ga magidancin da zai ɗauki yaro ya hau hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi don kawai yaron ya ga kasuwa. Hanyar ta yi ƙaurin suna wajen tare matafiya, kuma yankin na cikin wuraren da Bello Turji da yaransa suka daɗe suna addaba. Mutum yakan fita ne idan ta zama dole, ya bar iyali a gida, ya yi sauri ya juyo kafin la'asar.

A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai da kuma wurin sayar da shanun sata. Daga baya an sake buɗewa, sai dai a ganina an yi lissafin abin da ɗan bindiga zai rasa, ba a yi na mai ƙosai ba. Matar da jarinta bai wuce mudu biyu na wake da kwalbar mai ba, mako uku kacal ya isa ta cinye shi. Ko an buɗe kasuwa, da me za ta koma?

Batun fura ya fi wannan zurfi. Kasuwa ce wurin da Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi ke haɗuwa ba tare da wani ya kira taro ba. Gero daga gona, nono daga ruga, su haɗu a ƙwarya ɗaya. Da rikici ya yi tsanani, aka riƙa samun rahotannin 'yan sa-kai na kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba tare da shari'a ba, su kuma 'yan bindiga na huce haushi a kan ƙauyuka. Fulanin da ba ruwansu suka ji tsoron shigowa gari, ga shi da yawansu su ma an kwashe musu shanu. Layin masu nono ya ragu, kuma da shi aka rasa wata hanya ta sanin juna. Yaron da ya girma yana shan furar wata Bafulatana da ta san sunansa, zai yi wuya a gamsar da shi cewa duk Fulani abokan gaba ne. Wanda ke tasowa yanzu ba shi da wannan kariyar.

Sai kuma aljihu. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota, rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na shekarar kuma ya tsayar da fataken Maraɗi na tsawon watanni. Uban da ke ƙirga kuɗin motarsa shi kaɗai ba zai ƙara kujerar yaro ba, balle tsire.

Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, kuma hukumomi kan auna nasara da yawan 'yan bindigar da aka kashe ko mutanen da aka ceto. Waɗannan alƙaluma na da amfani, amma mu da ke nan ba mu da hanyar tantance su. Abin da ido ke iya gani shi ne tashar mota ranar Alhamis: shin a cikin motocin Shinkafi akwai yara da mata, ko kuwa maza ne zalla, kowa ya yi tsit yana leƙen daji ta taga? Ɗana ya kai shekarun da aka fara kai ni, yana kuma yawan tambayata yaushe za mu je. Har yanzu ce masa nake sai an kwana biyu.