Ra'ayi: Muna Rushe Shaidarmu da Hannunmu a Asata

Makon jiya na bi ta layin da na tashi a unguwar Asata ta Inugu, na tarar an baje gidan da kakanmu ya fara sauka lokacin da ya shigo Inugu da shanu. Gida ne mai zaure da jan kwano, inda muka yi karatun allo da asuba. Yanzu sai tsibin ƙasa, wai shaguna za a jera. Ba wanda ya ce uffan, ko hoto ba a ɗauka ba. Wallahi har yau raina bai huce ba.

Kafin in taɓa hukuma, da kanmu Hausawan Inugu zan fara. Muna da attajiran da ke ɓarin miliyoyi a biki guda, amma haɗa kuɗi a sayi tsohon gida ɗaya a gyara, a adana hotuna da takardun iyaye, ya gagare mu. Sai fitina ta tashi an kira mu baƙi, mu hau rantsuwa cewa a nan aka binne kakanninmu. Me za mu nuna? Shagon sayar da waya?

Ku tambayi yaran unguwa ko wane ne Malam Umaru Altine. Bafulatanin Sakkwato, mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC, shi ne magajin garin Inugu na farko a 1956, kuma da goyon bayan Ibo ya hau. A wannan zamani na ƙabilanci, labarin nan ya fi zinariya daraja, amma mun bar shi a bakin tsofaffin da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Garin ma ba wani tsufa ya yi ba. A 1909 aka gano kwal, a 1916 layin dogo ya haɗa shi da Fatakwal, ke nan abin adanawa bai fi ƙarfinmu ba. Kano ta riƙe Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Legas an gyara Jaekel House na Ebute Metta ya zama gidan tarihin jirgin ƙasa. Mu fa?

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu limamai, shugabannin kasuwa: ku zauna ku ƙirga tsofaffin gidajen da suka rage, ku sayi ko guda ɗaya, ku ɗauki muryar dattawa tun suna raye. Ku yi kafin katafila ta shigo layi na gaba.