Wutar Mota Marar Lagireto

Zuwa ga Edita,

Yau zancena ga 'yan'uwa malamai da akawuna waɗanda ke riƙe da tsohuwar Volkswagen mai ƙirar kunkuru, irin wadda aka fara haɗawa a Ikko cikin 1975. Ita da motar tseren nan Porsche, wadda ta fito cikin 1948, jirgi ɗaya ya kwaso su: inji a baya, ba lagireto, iska da baƙin mai kaɗai ke sanyaya shi.

To, jama'a, mota mai ruwa in ta yi zafi takan yi tururi ta gargaɗi mai ita. Wannan kuwa ba ta da bakin faɗa. In makaniki ya murɗa distiributa da kunne, wai don ta ƙara gudu, sai wuta ta riƙa tashi cikin silinda kafin lokacinta. Zafi ya yi ta taruwa, har fistin ya huje, a bar mutum tsaye a hanyar Gwarzo da rana tsaka. A tsofaffin cikinsu silinda ta uku ta fi shan wuya, domin abin sanyaya mai ya tare mata iska.

Maganin abin ba wuya. A buɗe bakin kwantak milimita 0.4, na fulogi kuwa 0.7. A shafa ɗan giris inda kwantak ke gogar sandar distiributa, gama in wurin ya cinye, bakin zai tsuke. Sai an gama wannan kana a daidaita taimin bisa alamar da ke jikin fule, domin taɓa kwantak yakan gusar da shi. Wayoyin fulogi su bi jerinsu: 1, 4, 3, 2. Lokacin hunturu a goge ƙura daga murfin distiributa, da damina a goge laima. Kada kuma a bar makulli a kunne inji na kashe, kwantak da kwayil za su ƙone.

Ku tuna, ta ƙarshe irin wannan an ƙera ta a Meksiko cikin 2003. Kwantak ba ya kai kuɗin inji, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, amin.

Ni ne naka,
Akawu, Gammo.