Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Lissafi: Ku Raba Ɗigo Da Layin Bisa

Ƙannena da 'ya'yana masu riƙe da alli,

Na san wahalar tsayuwa gaban aji cike maƙil tun safe, Allah ya saka muku da alheri. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Makon jiya jikata ta kawo mini littafinta. Amsarta ta ƙarshe 1.5/4, malaminta kuwa ya ba ta maki da jan biro ya wuce. Ban ce ƙimar ba daidai ba ce, amma aiki ne da aka bari bai nuna ba. Da ta ninka sama da ƙasa da biyu, 3/8 za ta fito, sumuni uku. In ɗigo take so, ga 0.375. A tsakiyar aiki ba laifi a gauraya ɗigo da layin bisa, a amsar ƙarshe kuwa sai a zaɓi ɗaya.

Magabata ba su yi wasa da wannan ba. Layin nan na bisa, irin na 3/8, yana cikin rubutun Al-Hassar na ƙasar Magrib tun ƙarni na 12. Al-Kashi kuma a Samarkand ya shimfiɗa ƙa'idar lissafin da muke yi da ɗigo a littafinsa Miftahul Hisab a 1427. Ɗigo da layin bisa, kowanne da muhallinsa. Ɗan Maraɗi yana rubuta 0,375 da waƙafi, ɗan Katsina da ɗigo, amma 3/8 ɗaya ce a wurinsu.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne malami ya rubuta 1/3 = 0.33 a allo. Haba! Ku tambayi masu rabon gado. Sulusin naira 900,000 shi ne 300,000, amma 0.33 zai ba ka 297,000. Haƙƙin wa aka ci a dubu ukun nan? Kafin naira ta zo a 1973, yaron da bai taɓa shiga aji ba ya san sisi rabin sule ne, taro rubu'insa. Yau an bar wa na'ura komai, har malami na tsoron layin bisa.

Ku yi mini haƙuri in na yi zafi, kishin sana'ar ne. In yaro ya kawo 1.5/4, kada ku soke masa, kada kuma ku wuce. Ku zaunar da shi ya ƙarasa aikinsa.

Wassalam,
Tsohon malamin lissafi