Zuwa Ga Likitocin Fata: A Daina Rufe Tabo Da Man Shafawa



Kowa ya san dogon layin da kuke sallama kullum, Allah ya saka da alheri. Amma akwai ɗabi'ar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya zo da tabo a cinya ko ɗuwawu, a hango daga kujera a ce ƙyasbi ne ko makero, a rubuta masa man sitiroid. Ya dawo, a canza mai. Ya sake dawowa, a ƙara mai ƙarfi.

Cikin irin waɗannan tabban akwai sankarar da ake kira mycosis fungoides. Sunan ma ruɗi ne, don ba dangin makero ba ce. Alibert da ya fara bayyana ta a Faris a 1806 ya ga ƙulle-ƙullenta ne kamar laimar kwaɗi. Asalinta fararen ƙwayoyin jini na T ne, galibi masu alamar CD4, waɗanda aikinsu sintiri a fata, sai suka lalace suka yi kaka-gida a samanta. Takan fara da tabo mai ƙaiƙayi a inda tufa ke rufewa, ya yi shekara da shekaru, ya yi kauri, a wasu ya zama ƙari. Wani likita, Bazin, ya tsara waɗannan matakai tun ƙarni na 19, da ido da haƙuri kawai. Su Alibert da Bazin dai sukan sa maras lafiya ya tuɓe su duba. Mu fa? Haba jama'a!

A baƙar fata abin ya fi wuya, don tabon yakan fito da haske, har a jikin yara, ƙwayoyin kuma sau da yawa masu CD8 ne, sai a ɗauka kuturta ce. Alhali ɗan ƙullin auduga yana taimakawa: galibi tabon kuturta ba ya jin shafarta, na wannan sankara kuwa yana ji.

Za ku ce cutar ba ta da yawa, gwaji kuma akwai tsada. Haka ne, kuma ba kowane tabo nake nufi ba, sai wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mai komowa da zarar an ajiye mai. Kuɗin man shekara biyar ai ba kaɗan ba ne. Ga shi sitiroid yana korar ƙwayoyin daga fatar, sai gwaji ya fito ba komai.

Ku yi mini afuwa in na zafafa. Roƙona, ku dakatar da man aƙalla mako 2, ku yanko fata daga wuri fiye da ɗaya, in sakamako bai nuna ba kuma tabon na nan, ku maimaita.