Gigin tsufa ciwo ne, ɓoye shi ba biyayya ba ce

Da zarar an ce a riƙa tara masu ciwon mantuwa da masu jinyarsu su tattauna, sai ka ji an ce wannan na Turawa ne, su da ba su da dangi. Mu, wai, gidajenmu cike suke da 'ya'ya da jikoki, kuma tsufa ba ciwo ba ne balle a kafa masa taro. Ban yarda ba, domin mai faɗin haka yawanci ba shi ke kwana a ɗakin tsohuwar ba.

Abin da muke kira gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, sama da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, irin namu. Galibinsa cutar Alzheimer ce, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wani kuwa hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi, kuma waɗannan ba baƙi ba ne a gidajenmu. Da tsufa ne kawai, da duk ɗan shekara tamanin ya ruɗe, alhali ga su nan a zaure suna raba gardamar iyakar gona.

To, mu leƙa dangin da ake tinƙaho da su. Hajiya ta kwance kuɗinta daga haɓar zane ta tura cikin kwanon gari, ta manta. Da yamma ta rantse matar ɗanta ce ta sace. Ɗan ya dawo daga kasuwa ya tarar da uwa tana kuka, ya rasa wa zai gaskata. Wannan matar da ake kira ɓarauniya ita ke yi wa Hajiya wanka, ita ke canza shimfiɗa, ita ke tashi tsakar dare ta tare ƙofa don tsohuwa ta ɗauki ƙullin kayanta za ta tafi gida wurin innarta da ta daɗe da rasuwa. Ran Juma'a dangi su zo da ledar lemo, su ce sai haƙuri, lada kike samu, su tafi kafin magariba. Aure na mutuwa a kan irin wannan. Ita ma hukumar ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na lokacin da ake kashewa a jinyar nan mata ne ke bayarwa.

Shirun gida kuma shi ke ba unguwa damar fassara. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce aljanu, mafi muni a ce mayya ce don an gan ta da asuba tana yawo ba mayafi. Daga nan sai a sa kwaɗo a ƙofar ɗaki, a kira shi rufin asiri.

Taron da ake rainawa ba wani abin a zo a gani ba ne. A 1997 wani masanin halayyar ɗan Adam, Bère Miesen, ya fara shi a birnin Leiden na Holan: mai ciwo da iyalinsa su zo, a sha shayi, masani ya yi bayani, kowa ya yi tambaya. Ba ya warkar da kowa. Amma a nan matar ɗa za ta ji daga bakin wata cewa kada ta yi musu da Hajiya, ta ce mu nemo tare. A nan ake koyon ɗinka lambar waya a cikin rigar Baba, da ɗauke ashana da wuƙa. A nan ake jin cewa wata ruɗewar daga ƙarancin bitamin B12 ce, ko maƙoƙo, ko ciwon damuwa, kuma tana jin magani in an je asibiti da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne farkon ciwon. A lokacin, Malam yana sane cewa wani abu na kuɓuce masa, yana tsoro, yana ɓoyewa. Har yanzu zai iya faɗin bashin da ake bin sa, ya yi wasiyya, ya zaɓi wanda zai riƙe masa katin banki. Ɓoyonmu ne ke cinye waɗannan watanni, har ranar da za a tambaye shi ya kasa amsawa, 'ya'ya su shiga rigima.

Masu sikila suna da ƙungiyoyi, ba wanda ya ce sun tona asirin gida. Muna da makarantun Islamiyya na matan aure, da coci, da asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ɗaya, da tabarmi, da awa biyu a wata sun isa a fara. Limamai su sanar bayan sallar Juma'a, kuma mazan gida su zauna da tsohuwa ranar, don mai jinyar ta samu fita.