Ba a fafe gora ranar tafiya

Ranar 12 ga watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Alhazan Maradi da suka ɗauko kaya bashi daga Kano sun kwana da lissafi ɗaya, suka wayi gari da wani. Haka ma a 1984, da 2019, da 2023, lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka, motoci suka yi cirko-cirko tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Wa zai ɗauki hasara? Wa zai raba gardama? Da yawa ba su taɓa yin wannan magana ba sai da ɓarna ta auku.

Mu nan da amana muke ciniki, kuma abin yabo ne. In saɓani ya taso, akwai dattawan kasuwa, akwai fadar Sarkin Katsinan Maradi, akwai ta Sarkin Gobir a Tibiri. Amma ikon da doka ta ba sarakuna na sulhu ne. In ɗaya ya ƙi, sai gidan jastis, inda kaya ke ruɓewa kafin a kira shari'a.

Akwai mafita. Dokar OHADA ta 1999, wadda aka sabunta a 2017, ta yarje wa masu yarjejeniya su zaɓi mai raba su da kansu, mutum ɗaya ko uku. In sun rubuta hakan, ɗayansu kuma ya tsaya a kai, wajibi ne alƙalin gwamnati ya janye hannunsa. In ba su yanka wa'adi ba, wata 6 ne. Sai dai a kula: Nijeriya ba ta cikin ƙasashe 17 na OHADA. Mai hulɗa da Kano ko Katsina ya fayyace dokar wace ƙasa za a bi, a wane gari za a zauna, da wane kuɗi za a biya.

Wannan magana ba ta manyan alhazai kaɗai ba ce. Ta shafi manomin rani na Jiratawa da ya karɓi kuɗin taki kafin girbi, ta shafi ma'aikacin da ya ba magini aikin gida.

Wasu na ganin ambaton rigima ranar ƙulla ciniki rashin yarda ne. A'a. Ranar da ake dariya ita ce ranar da za a iya daidaitawa kan mutum ɗaya. Ranar fushi, duk wanda ka kawo, sai abokinka ya ce naka ne.